Domen ɗin ƙungiyarmu yana hannun wanda ya gina mana shafi, yaya za mu karɓo shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar tallafa wa marayu a Zariya. Shekara uku da suka wuce mun biya wani matashi ya gina mana shafin intanet, ya kuma buɗe mana imel mai ɗauke da sunan ƙungiya. Adireshin da .org yake ƙarewa. Makon jiya shafin ya daina buɗewa, sai tallace-tallace ke fitowa a wurinsa, imel ma ba ya shigowa. Matashin ya bar gari, wayarsa ba ta shiga. Wani ya ce mana domen ɗinmu ne ya mutu. Ashe ba saye muka yi ba? Yanzu wa ke da shi, kuma yaya ya kamata ƙungiya ta riƙe irin wannan abu don kada a maimaita?"

Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri kan hidimar marayu. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: me ya samu sunan, ko zai dawo, da yadda za a riƙe shi nan gaba. Bari in fara da na gaggawa. Shafi da imel su ɗauke lokaci guda, talla kuma ta hau wurin shafin, wannan ita ce alamar domen, wato sunan shafi, da wa'adinsa ya cika ba a sabunta ba. Da masaukin shafin, wato kwamfutar da fayilolinsa ke zaune, ne ya samu matsala, da yawanci saƙon kuskure za ku gani ko farin shafi. Tunda makon jiya abin ya faru, akwai kyakkyawan zaton har yanzu ana iya ceto shi da kuɗin sabuntawa na yau da kullum. Sai dai kwanakin ƙidayayyu ne, kuma kowane mataki da aka wuce kuɗin ƙaruwa yake yi.

Haya kuka yi, ba saye ba

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani, wadda ake kira adireshin IP. Domen suna ne da aka ɗora a kan lambar don mutane su iya riƙewa, kamar yadda kake ajiye lambar mutum a waya da sunansa. A farkon intanet, fayil guda ɗaya ne ke ɗauke da sunayen dukan kwamfutocin, wata cibiyar bincike a Kalifoniya ke kula da shi, kowa na kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, tsarin da ke haɗa suna da lambarsa, wanda ya rarraba aikin hawa-hawa, kowane hawa da mai kula da shi. Har yau a kan sa ake.

Shi ya sa ake karanta domen daga dama zuwa hagu in ana son a san ikon wa yake ƙarƙashi. A ce sunanku kungiyarmu.org, suna ne na misali kawai. Wutsiyar .org tana hannun wata cibiya mai suna Public Interest Registry, ita ke riƙe da babban kundin duk sunan da ke ƙarewa da .org. Kundin .com da .net yana hannun kamfanin Verisign. Kundin .ng na Nijeriya yana hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005. Masu kundin nan ba sa sayar wa mutum kai tsaye. Akwai kamfanonin rajista da aka ba lasisi, irin su Namecheap ko GoDaddy, su ke karɓar kuɗi su shigar da suna cikin kundi. Ƙarƙashinsu kuma akwai 'yan kamasho, ƙananan kamfanonin masauki da masu gina shafi da ke sayarwa a madadinsu. Can sama akwai ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke ba kamfanonin rajista lasisi kuma ta shimfiɗa ƙa'idojin .com da .org da ire-irensu. Wutsiyoyin ƙasashe masu harafi biyu, .ng da .ne na Nijar da .gh na Ghana da .cm na Kamaru da .td na Cadi da .sd na Sudan, kowace ƙasa ita ke yin ƙa'idarta.

Kwatanta shi da rumfar kasuwa. Hukumar kasuwa ce ke da kundin rumfuna, dillali ya haɗa ka da ita, kana biyan haya shekara-shekara. Muddin kana biya, ba mai tashin ka. Ka daina biya, a ba wani. A .org da .com ana iya biya daga shekara ɗaya har zuwa goma a gaba, ba a wuce goma. Babu wani domen da ake saya sau ɗaya a huta, duk wanda ya ce maka ya sayar maka da na har abada, alkawarin shi zai riƙa biya a madadinka kawai ya sayar maka.

To wa ke da shi? Wanda sunansa ke rubuce a matsayin mai rajista, kuma a aikace, wanda ke riƙe da asusun da aka yi rajistar a ciki. Rasidin da matashin ya rubuta muku hujja ce a tsakaninku da shi, amma kamfanin rajista bai san da ita ba. Ka san yadda ake fama in layin waya ya ɓace alhali da sunan wani aka yi masa rajista: ko shekara goma ka yi kana amfani da shi, ranar walkam bak, wato karɓo layin, wancan mutumin za a nema. Domen ma haka yake.

Akwai kuma abin da mutane ke yawan cakuɗawa. Abu uku ne daban-daban ke haɗuwa kafin shafi ya buɗe: rajistar sunan, sabar DNS, wato kwamfutar da ke faɗa wa duniya inda sunan ya nufa, da masaukin da fayilolin shafin da akwatunan imel ke zaune. Suna iya kasancewa a kamfani ɗaya, suna iya kasancewa a kamfani uku, kowanne da asusunsa da ranar biyansa. Mutuwar sunan ba ta goge fayilolinku ba. Amma in matashin ya daina biyan kuɗin suna, ƙila ya daina biyan na masauki ma, shi kuwa masauki in an rufe shi, bayan ɗan lokaci goge komai ake yi. Don haka wuta biyu za ku kashe.

Abin da za ka duba yau

Shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan. Kyauta ne. Abu huɗu za ka kwafa a takarda: sunan kamfanin rajista, ranar cikar wa'adi, sabobin suna (wato sabobin DNS ɗinsa), da kalmomin da aka rubuta a layin matsayi. Sunan mai rajista da imel ɗinsa yawanci a ɓoye suke tun 2018, lokacin da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki, amma wani lokaci sunan ƙungiya kan fito in an cike shi. In ka ga sunan ƙungiyarku a wurin, ka yi hamdala, rabin aikin ya ƙare.

A nan akwai tarkon da ke yaudarar mutane da yawa. Idan wa'adi ya cika, mai kundi kan ƙara shekara guda da kansa a kan asusun kamfanin rajista, kafin a ga ko mai sunan zai biya. Sai ka duba ka ga ranar cikar wa'adi ta koma baɗi, ka ɗauka an biya. Ba lalle ne an biya ba. Dubi layin matsayi: in ka ga autoRenewPeriod, kuna cikin kwanakin alfarma ne. Wannan alfarma ba ta wuce kwana 45 ba, kuma kamfanin rajista ba dole ne ya ba ka ita duka ba. Wasu kan saka sunan a gwanjo tun kafin wata guda ya cika. A wannan mataki kuɗin sabuntawa na yau da kullum ake biya, wanda a .org yawanci tsakanin dala 10 ne zuwa 20, wasu kuma su ɗora tara bayan 'yan kwanaki.

In ka ga redemptionPeriod, kamfanin ya riga ya mayar da sunan ga mai kundi. Akwai kwana 30 na fansa. Tsohon mai rajista ne kaɗai ke iya fansar sa, ta hannun kamfanin da yake a da, kuma kuɗin fansa a manyan kamfanoni kan kai dala 80 ko fiye, ban da kuɗin shekarar. In ka ga pendingDelete shi kaɗai, ba tare da kalmar fansa ba, ƙofa ta rufe: kwana 5 ne, ba mai iya taɓa shi, daga nan a sake shi kowa ya iya ɗauka. Sunan da ya yi shekara uku yana aiki, ake kuma ambatonsa a wasu shafuka, ba ya daɗewa a ƙasa, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, cafke irin waɗannan sunaye cikin daƙiƙar da aka sake su.

Ka kuma karanta shafin tallar nan da kyau. Ƙa'idar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista cewa in ya karkatar da sunan da ya mutu zuwa wani shafi, to ya rubuta a fili cewa wa'adi ya cika, ya kuma nuna yadda ake sabuntawa. Ƙa'idar dai ta ce a aika tunatarwa kusan wata guda kafin ranar, a sake aikawa kusan mako guda kafin ta, a aika ta uku cikin kwana biyar bayanta. Na tabbata an aika. Akwatin matashin suka faɗa.

In kuwa ka tarar wa'adin da saura da gaske, kuma babu autoRenewPeriod, to wata cutar ce daban. Kalmar clientHold tana nufin kamfanin ya dakatar da sunan, sau da yawa saboda ba a tabbatar da imel ɗin mai rajista cikin kwana 15 ba, ko saboda ƙorafi. In kuma sabobin suna sun canza kwanan nan zuwa wasu da ba ku sani ba, ko dai mai asusun ya canza su, ko an yi masa kutse.

Hanyoyin karɓo shi

Hanya mafi sauƙi da araha ita ce a samo matashin. Na san wayarsa ba ta shiga, amma yana da iyaye, yana da abokai, akwai wanda ya kawo muku shi. A bi ta nan, kuma a je masa da lalama. Yawancin irin waɗannan matasa ba mugunta suka nufa ba, da asusunsu suka saba yi wa kowa rajista, sai rayuwa ta yi gaba da su. In an same shi, kada ku tsaya a "na sabunta muku". Ya sabunta, sannan ku buɗe asusun ƙungiya a kamfanin da sunan yake, ya tura sunan daga asusunsa zuwa naku. Wannan turawa ta cikin gida yawanci kyauta ce kuma ba ta ɗaukar lokaci. Sannan a canza bayanan mai rajista zuwa na ƙungiya. Ya kuma ba ku mabuɗin masauki a zama guda, ku sauke kwafin shafin da na imel kafin a tashi.

In kuna son ƙaura zuwa wani kamfanin rajista, ana cire makullin ƙaura, a karɓi lambar sirrin ƙaura daga tsohon kamfani a ba sabon, abin kan ɗauki har kwana biyar, kuma ana biyan kuɗin shekara guda da ake ƙarawa a kan wa'adin. Amma ku lura da jerin aikin. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, canza mai rajista na iya jawo kulle na kwana 60 da ba a ƙaura a cikinsa, haka ma sabuwar rajista ko ƙaurar da aka yi kwanan nan. Ni shawarata kada ku haɗa ceto da ƙaura. Ku ceto shi a inda yake, ku mallake shi, bayan wata biyu ko uku in kun ga dama ku ƙaura a natse.

In ba a same shi ba, sai kamfanin rajista. Ku rubuta musu a takardar ƙungiya mai hatimi, ku haɗa da takardar rajistarku ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da shaidar biyan kuɗin da kuka yi wa matashin, da katin shaidar wanda ya sa hannu, da duk abin da ke nuna ku ke amfani da sunan tsawon shekarun nan. Ku nemi abu biyu, kuma ku raba su. Na farko, a ba ku damar biyan kuɗin sabuntawa ko da ba a ba ku asusun ba, wasu kamfanoni na yarda wani ya biya wa wani, wannan kuwa zai tsayar da agogo. Na biyu, a mayar da sunan hannunku. In sunan ƙungiya na cikin bayanan rajista, kamfanoni da yawa na da fom na wannan. In kuwa sunan matashin ne kaɗai daga sama har ƙasa, kada ka yi mamaki in sun ƙi. A wurinsu shi ne mai abu, kuma wannan taurin kan nasu shi ne zai kare ku gobe in wani ya zo da takardun jabu yana neman naku. In ta hannun ɗan kamasho aka yi rajistar, ku fara da shi, in bai amsa ba ku haura zuwa kamfanin da sunansa ya fito a binciken.

Akwai hanyar ƙara da ake kira UDRP, wadda ICANN ta kafa a 1999, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, WIPO, da ke Janeba na cikin masu sauraronta. Dole mai ƙara ya tabbatar da abu uku tare: sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar kasuwancinsa, wanda ke riƙe da shi ba shi da haƙƙi a kai, kuma da mugun nufi aka yi rajistarsa ake kuma amfani da shi. Kuɗin shigar da ƙara a WIPO dala 1,500 ne in alƙali ɗaya zai duba, ban da lauya. An yi ta ne don masu kwace sunayen kamfanoni su sayar, rikicin ƙungiya da mai gina mata shafi bai cika zama daidai a cikinta ba, tunda da izininku ya yi rajistar tun farko. Ga ƙungiya irin taku ban ga ribarta ba.

In sunan ya kuɓuce gaba ɗaya, asarar shafi ita ce ƙarama. Duk wanda ya ɗauki sunan zai iya buɗe akwati da adireshinku na da, ya riƙa karɓar duk saƙon da masu ba ku tallafi suka aiko, ya kuma amsa musu da lambar asusunsa na banki. Zai iya neman sabuwar kalmar sirri a duk inda kuka yi rajista da wannan imel, Facebook ne ko wani dandalin karɓar gudummawa. Saboda haka tun yau, kafin a san yadda za ta kaya, ku lissafa wuraren nan ku canza imel ɗin da ke kansu, ku kuma sanar da masu tallafa muku ta waya cewa kada su amince da saƙon da ya ce an canza asusun banki.

Yadda ƙungiya ke riƙe domen

Kada ka ji kunya, abin ya taɓa cin manya. A Disambar 1999 kamfanin Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai wani mutum daga waje ya biya dala 35 ɗin. Maganin dai ba fasaha ba ce mai zurfi, tsari ne irin wanda kuke yi wa asusun banki.

Asusun kamfanin rajista da sunan ƙungiya za a buɗe shi, a rubuta cikakken sunanta yadda yake a takardar CAC. Imel ɗin asusun ya zama na ofis ne, ba na mutum ba, wanda aƙalla mutum biyu ke iya buɗewa, misali sakatare da ma'aji. Kuma kada ya kasance a kan domen ɗin da ake karewa. Dalili: in adireshin asusun sakatare@kungiyarmu.org ne, ranar da sunan ya mutu akwatin ma ya mutu, saƙon sabunta kalmar sirri ba shi da inda zai sauka, an kulle ɗaki ke nan da mabuɗin a ciki. A buɗe Gmail ko makamancinsa don wannan aiki kaɗai. A kunna tabbaci mai hawa biyu, wato neman lamba ta musamman bayan kalmar sirri, a kan asusun da kuma imel ɗin, gara na manhaja a kan na saƙon tes, saboda ana sace layin waya. Lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa ranar kunnawa a buga su a takarda, a sa a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili da na banki.

Mai gina shafi ba ya buƙatar mallakar sunan kafin ya yi aikinsa. Kamfanoni da yawa na da hanyar ba wani izinin taɓa DNS kaɗai, ba tare da ikon ƙaura ko canza mai rajista ba. In naku ba shi da ita, ya faɗa muku abin da za a saka, ku saka da hannunku yana kallo. A rubuta a yarjejeniyar aiki cewa suna da masauki da duk abin da ke ciki na ƙungiya ne. Makullin ƙaura kuma ya zauna a kunne kullum, shi ne za ka ga an rubuta clientTransferProhibited.

Batun biya. Sabuntawa ta kai tsaye da kati tana da kyau, amma kada a dogara da ita ita kaɗai. Kati na ƙarewa, asusu na bushewa, kuma an sha yin lokutan da bankunan Nijeriya suka taƙaita ko suka dakatar da biyan dala da katin naira, sunaye da yawa ta nan suka mutu masu su na barci. Ni na fi son a biya shekara uku zuwa biyar a gaba, a kuma sa ranar duba abin a kalandar ƙungiya kowace shekara, wata biyu kafin ranar wa'adi. In ana taron shekara, a sa shi cikin rahoton ma'aji. Ku yi takarda guda mai ɗauke da kowane suna da kuka mallaka, kamfaninsa, ranar wa'adinsa, inda DNS yake, inda masauki yake, da wanda ke riƙe da mabuɗi. Ranar da aka canza shugabanni, ta shiga cikin kayan da ake miƙawa, a canza kalmomin sirri a ranar. Haka in ma'aikacin da ya san su ya bar aiki.

Za ku kuma fara samun saƙonni masu kama da takardar biya, ana cewa sunanku zai mutu gobe, ko wani na shirin yi wa sunanku rajista a wata ƙasa. Kada a latsa komai a cikinsu. A buɗe asusun kai tsaye a duba.

Kafin a taɓa DNS

Bayan an ceto suna, inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin ƙaura zuwa sabon masauki. Sabar DNS tana riƙe da 'yan layuka ne, kowanne da aikinsa. Layin A yana nuna lambar kwamfutar da shafi yake. CNAME yana cewa wannan suna laƙabin wancan ne, kamar www. MX yana faɗin inda za a kai imel. TXT yana ɗauke da shaidu, ciki har da SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar wa mai karɓa cewa saƙon daga gare ku yake da gaske. Sabon mai gina shafi kan zo ya canza sabobin suna zuwa na masaukinsa, shafi ya buɗe, kowa ya yi murna, sai bayan kwana uku a lura imel ya tsaya cak, saboda layukan MX da TXT suna can a tsohuwar saba ba a kwafo su ba. Don haka kafin a canza komai, a ɗauki hoton duk layukan, a shigar da su a sabon wuri, sannan a juya.

Kowane layi yana da lamba da ake kira TTL, daƙiƙoƙin da sauran sabobin duniya za su riƙe amsar kafin su sake tambaya. 3600 awa guda ke nan, 86400 kwana guda. In za a canza lambar masauki ranar Asabar kuma TTL ɗin 86400 ne, tun ranar Alhamis za a rage shi zuwa 300, wato minti biyar, don tsohuwar amsa ta gama fita daga ko'ina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan komai ya daidaita a mayar da shi yadda yake. Canza sabobin suna kuwa ya fi jinkiri, don lokacin riƙonsa a hannun mai kundi yake, a .com kwana biyu ne, daga nan maganar "jira awa 48" ta samo asali. A bar tsohon masauki a kunne har kwanakin su wuce.

Abu biyu kuma a taƙaice. In an kunna DNSSEC, wato sa hannun da ke hana a yi wa amsar DNS jabu, aka ƙaura ba a cire ko an sabunta layin DS, wanda ke ɗauke da shaidar sa hannun, a wurin kamfanin rajista ba, sunan zai ɓace wa mutane da yawa alhali komai na nan daidai a ido. Sannan ƙananan sunaye da aka buɗe don wani taro ko gangami, irin taro.kungiyarmu.org, in an gama a goge layinsu. In aka bar shi yana nuni zuwa masaukin da aka rufe, wani na iya karɓar wurin ya kafa shafinsa da sunanku.

.org ko .org.ng?

Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Sunan da mutane suka saba da shi, wanda ke kan takardunku da allonku, shi ya cancanci a yi wahalar ceto shi. Amma ku yi wa .org.ng ɗinsa rajista yau da sunan ƙungiya, ta hannun kamfanin da NiRA ta amince da shi. Da naira ake biya, kamfanin yana cikin ƙasa, kuma in .org ɗin bai dawo ba kuna da wurin komawa. In ya dawo, sai a karkatar da ɗaya zuwa ɗaya. Ku sani rajistar CAC ba ta tanadar muku suna a intanet ba, wanda ya riga zuwa shi ke samu, in ban da wutsiyoyin da aka killace kamar .gov.ng da sai da amincewar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Nijeriya, da .edu.ng na manyan makarantu. Kwanakin da na lissafa a sama na .org da .com ne, .ng yana bin ƙa'idar NiRA, har da tata hanyar sasanta rikici, don haka ku nemi kamfanin ya ba ku nasa jadawalin a rubuce. Ba na ganin amfanin ƙungiya ƙarama ta tara sunaye goma, kowanne nauyin biya ne da tunawa. Biyu ko uku sun isa.

In za ku zaɓi sabon suna, asalin tsarin haruffan a zuwa z ya sani, da lambobi, da karan tsakiya wanda ba ya zuwa a farko ko ƙarshe, kuma kowane gaɓa ba ya wuce harafi 63. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sai an juya su zuwa wani rubutu mai farawa da xn-- kafin su shiga, ba kowane kundi ke karɓar su ba, kuma masu waya da yawa ba za su iya rubuta su ba. A rubuta ba ƙugiya, amma a karanta shi da ƙarfi tukuna a ji abin da ya koma, don fada da faɗa abu ɗaya za su zama.

Ban ga bayanan sunanku ba, don haka duk abin da na faɗa kan musabbabi daga alamomin da ka bayar na ɗauko shi, layin matsayin nan ne zai tabbatar ko ya rushe shi. In kuma aka samu matashin ya ce sai an biya shi kafin ya saki, maganar ta bar hannun masu fasaha ta koma ta yarjejeniyar da ke tsakaninku, sai dattawan da suka haɗa ku ko lauya. Ko a hakan, ku fara neman a biya kuɗin shekarar, ko da sunan zai ci gaba da zama a asusunsa na ɗan lokaci, a yi jayayyar a kan sunan da ke raye. Ka turo mini kalmomin layin matsayi da ranar wa'adi yadda suka fito, ban da kalmar sirri ko lambar ƙaura, zan faɗa maka kwana nawa suka rage.